Zubewar Gashin Kyanwa: Sanadinta da Abin da Ya Kamata a Yi

Bayani domin Hakimai da Dagatai da Malaman Ofisoshinsu a Ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo

ABIN DA YA SA AKA SHIRYA WANNAN TAKARDA

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da dagatai da masu unguwa, da malaman da ke riƙe musu littattafai, su sami abin da za su gaya wa jama'a idan aka ga gashin kyanwa yana zuba. Mai yiwuwa wani ya ga abin bai kai a ɓata takarda a kansa ba, tun da kyanwa ba ta cikin dukiyar da a ke kaiwa kasuwar Acida, ba a yanka ta, ba a kuma tatsarta. Amma duk cikin dabbobin gida babu wadda ta kai ta kusantar mutane. Saniya tana garke, akuya tana turke, kyanwa kuwa tana bisa tabarmar da yara ke kwana. Abin da ya kama fatarta yau, ba wuya gobe a gan shi a kan yaro.

Babban abin da a ke so a riƙe shi ne, zubewar gashi alama ce, kamar yadda zazzaɓi ya ke ga mutum. Abubuwa da yawa ke kawo ta, ko wanne kuwa da nasa magani. A cikinsu guda biyu su kan kama mutane daga jikin kyanwa, watau makero da ƙazuwa. Wanda ya san bambancinsu da sauran zai tsare 'ya'yansa, ya kuma tsira da kyanwarsa. Wanda bai sani ba, ɗayan biyu ne: ko ya bar yara suna wasa da mai cuta, ko kuwa ya kashe wadda yunwa kaɗai ke damunta.

AMFANIN KYANWA A ƘASAR NOMA

Kyanwa, wadda waɗansu ke kira mage, mutanen Sakkwato kuma su ce mussa, ta daɗe tana tsaron abincin ɗan Adam. Asalinta kyanwar daji ce ta ƙasashen Masar da Sham da kewayensu, wadda ta biyo ɓeraye zuwa rumbunan manoman farko, ta zauna. A shekarar 2004 masana suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Ƙubrus, inda aka binne mutum tare da kyanwa shekara wajen 9,500 da suka wuce.

Dinawa da sauran garuruwan ƙasar Wurno suna noman gero da dawa da damina, da rani kuma a gangara fadamar gulbin Rima a yi shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa. Haka abin ya ke a Goronyo, inda aka gama babbar madatsar ruwa a shekarar 1984, haka kuma a Raba da ke bakin gulbin Sakkwato. Duk inda hatsi ya taru kuwa, nan ɓera, watau kusu, ya ke taruwa. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga abin da ya ci ba, har da abin da ya ɓata da kashinsa da fitsarinsa. Ta wannan hanya wani irin ɓera ya ke sa wa mutane zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gane shi a shekarar 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin dabarun rage ɓera a gida. Saboda haka gidan da ya rasa kyanwarsa ya rasa mai gadin da ba a biyansa kome sai ragowar abinci.

ZUBEWAR DA BA CIWO BA CE

Tun da farko sai a san cewa ba ko wace zubewa ce ciwo ba. Kyanwa ta kan sauya gashi kamar yadda kaza ke sauya nata, tsoho ya faɗi sabo ya fito, abin ya fi yawa sa'ad da sanyin hunturu ya wuce, zafin bazara ya kama. Irin wannan ko'ina a jiki ya ke tafiya daidai, ba ya barin fili. Har wa yau ko wace kyanwa tana da ƙarancin gashi tsakanin ido da kunne, dama da hagu, ya kan fi fitowa fili ga baƙa. Wannan halitta ce. Muddin fatar wurin tana sumul, babu ɓawo, babu ja, kyanwa kuma ba ta susa, to, a bar ta.

MAKERO

Wannan shi ne wanda ya fi cancanta a kula da shi, domin shi ya fi kama yara. Abin da ke kawo shi wata irin funfuna ce, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita wannan gashi da fata ta ke ci. Wani likita mai suna David Gruby ya bayyana irinta a birnin Faris a shekarar 1843, bayan ya duba gashin masu ciwon da madubin likita. Wadda ta fi kama kyanwa likitoci suna kiranta Microsporum canis.

Alamarsa ita ce fili zagayayye, kamar faɗin tsohon kwabo ko ƙasa da haka, galibi a fuska, ko kunne, ko ƙafafun gaba, ko wutsiya. Gashin wurin ya kan kakkarye gajere gajere kamar an yi aski da dakusasshiyar aska, fatar kuma ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka. Sau da yawa kyanwa ba ta susa ƙwarai. Ya fi kama 'yan kyanwa ƙanana, da tsofaffi, da waɗanda yunwa ta raunana. Akwai kuma kyanwar da ke ɗauke da shi ba tare da an ga wani fili a jikinta ba.

Gashin da ya karye yana ɗauke da irin funfunar, ƙanana ƙwarai kamar ƙura. Su kan zauna da rai a tabarma, ko tsumma, ko buhu, fiye da shekara guda. Yaron da ya rungumi kyanwa, ko ya kwanta inda ta kwanta, bayan mako ɗaya zuwa uku sai a ga zagayayyen ƙurji mai ƙaiƙayi a hannunsa, ko wuya, ko fuska, ko kuwa fili a kansa.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin makeron da a ke gani a kan yara a ƙasashen Afirka ta Yamma daga yaro zuwa yaro ya ke tafiya, ta hanyar aska, da injin aski, da mataji, da hula, da matashin kai. Saboda haka in an ga makero ya yawaita a makarantar allo ko ta boko, kada a ɗora wa kyanwoyin gari laifin duka. Sai a duba wajen wanzamai da masu aski, a kuma hana yara aron hula.

ƘAZUWA

Ƙazuwar kyanwa wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi ke kawo ta, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunansa wajen likitoci Notoedres cati. Macen ta kan haƙa rami cikin fata ta yi ƙwai a ciki, cikin mako biyu zuwa uku 'ya'yan su girma su ma su shiga haƙa. Ciwon ya kan fara a gefen kunne, ya bazu zuwa fuska da fatar ido da wuya. Da ya ke kyanwa tana susa da ƙafa, tana kuma naɗewa in za ta yi barci, daga nan sai ya kai ga ƙafafu da gindin wutsiya. Fatar ta kan yi kauri, ta yamutse, ta yi ɓawo mai launin toka ko rawaya-rawaya, har ƙaramar kyanwa ta yi kama da tsohuwa.

Babban bambancinta da makero shi ne ƙaiƙayi. Mai ƙazuwa ba ta da sukuni dare da rana, ta kan soshe kanta har jini. In aka ƙyale ta sai ta rame, miki ya ruɓe, ta mutu. Tana saurin bin sauran kyanwoyin gida. Mutumin da ya riƙe ta ya kan sami ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu ko ƙirji, amma ƙwaron ba ya iya hayayyafa a fatar mutum, in an raba shi da kyanwar ko an yi mata magani ƙurajen su kan ɓace. Ƙazuwar da ke zama a tsakanin yatsun mutane ta bi gida duka, wannan dabam ce, daga mutum zuwa mutum ta ke tafiya, maganinta yana asibiti.

Akwai wani ƙwaro ɗan uwan wannan da ke zama cikin ramin kunne. Kyanwa ta kan yi ta kaɗa kai tana susar bayan kunne har gashin wurin ya ƙare. In an leƙa kunnen sai a ga baƙin datti kamar garin gawayi.

ƘUMA DA ƘWARƘWATA

A ƙasashe da yawa ƙuma shi ne kan gaba wajen sa kyanwa ta rasa gashi. Jini ya ke sha. Waɗansu kyanwoyi jikinsu ba ya jure yawunsa, ko cizo kaɗan ne sai ƙaiƙayi ya taso, su yi ta lasa da cizon kansu. Wurin da gashi ke ƙarewa shi ne gadon baya kusa da gindin wutsiya, da cinyoyi, da ciki, wani lokaci da wuya. In an shafa bayan sai a ji ƙananan ɓawo kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin gashi.

Ba kullum a ke ganin ƙuman da ido ba, domin kyanwa ta kan haɗiye shi wajen lasa. Ga dabarar ganewa. A shimfiɗa farin ƙyalle, a jiƙa shi, a tsayar da kyanwa a kai, a taje bayanta. In baƙin gari ya zubo, ya kuma narke ya yi ja a kan ƙyallen, to, kashin ƙuma ne, watau busasshen jini.

Macen ƙuma ɗaya ta kan yi ƙwai har 40 ko 50 a yini. Ƙwan ba ya manne wa gashi, ya kan faɗi ƙasa inda kyanwa ke kwana, ya ƙyanƙyashe cikin ƙura da tsagin daɓe. Masana sun kimanta cewa in an kasa ƙuman gida kashi 100, wajen kashi 5 kaɗai ke jikin dabba, sauran suna ƙasa, ƙwai ne da 'yan tsutsotsi. Tsutsar tana son laima, shi ya sa ya kan fi yawa da damina da wuraren da ke kusa da fadama, busasshiyar iskar hunturu kuwa tana rage shi. Wanda ya yi wa kyanwa magani bai share ɗaki ba, aikin baban giwa ya yi. Ƙuma ya kan ciji mutane a ƙafa, amma ba ya zama a jikinsu. Kyanwar da ta haɗiye shi ta kan sami farar tsutsa a ciki, a riƙa ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya.

Gidan da ke da akurki akwai wani ƙuma na kaji, wanda ke kafa baki ya manne wuri ɗaya. Ya kan hau gefen kunnen kyanwa ya jeru baƙi ƙirin. Maganin wannan sai an haɗa da akurkin. Ƙwarƙwatar kyanwa kuwa ta fi kama wadda ta tsufa ko ta rame, a kan ga ƙwanta fari manne da gashi. Ba ta hawa mutum, ta mutum kuma ba ta hawa kyanwa.

YUNWA DA TSUTSAR CIKI

Allah ya halicci kyanwa maciyar nama. Kusan dukan gashi da abinci mai gina jiki a ke yinsa, irin wanda ke cikin nama da kifi da ƙwai. Kyanwar da ba ta samun kome sai ɓawon tuwo da ragowar fura, ba ta kuma samun farauta isasshiya, gashinta ya kan dushe, ya bushe, ya riƙa fita ko'ina a jiki, haƙarƙarinta kuma ya bayyana. Wannan ya fi samun uwa mai shayarwa. Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, ta kan kuma haihu fiye da sau ɗaya a shekara, in ba a ƙara mata abinci ba sai 'ya'yan su tsotse ta. Tsutsar ciki ma ta kan kawo irin wannan, musamman ga ƙanana, a ga ciki ya kumbura jiki kuwa ya rame.

Waɗansu na cewa in an ciyar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Wannan kuskure ne. Farauta ɗabi'arta ce, ƙosasshiya ta fi mayunwaciya ƙarfin yinta, ta kuma fi zama gida. Abin da a ke bukata ba mai tsada ba ne: kan kifi dafaffe da aka cire wa manyan ƙayoyi, da guntayen nama da kayan ciki daga wajen mahauta, da ruwa mai tsabta kullum.

RAUNI DA ƘUNA DA YAWAN LASA

Muzurai su kan yi faɗa a kan mace. Haƙorin kyanwa siriri ne, ramin cizo ya kan rufe da wuri ya bar ƙwayoyin cuta a ciki. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya fashe da mugunya mai wari, gashin kewaye ya zube. An fi ganin wannan a kumatu, da wuya, da gindin wutsiya. Da hunturu kuma kyanwa ta kan shiga murhu neman ɗumi, garwashin da ke ƙarƙashin toka ya babbake ta, ko ruwan zafi ya zubo mata. In ƙunar ta yi zurfi gashi ba ya sake fitowa a tabon.

A ƙasar Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40. Farar kyanwa, ko mai fararen kunnuwa, rana ta kan ƙona mata bakin kunne da hanci, gashin ya zube, wurin ya yi ja. In ya daɗe shekara da shekaru ya kan rikiɗa ya zama ciwon daji. Cizon sauro ma ya kan yi wa waɗansu ƙuraje a doron hanci da bayan kunne.

Harshen kyanwa kaushi gare shi kamar magagari. In wani wuri yana yi mata ciwo daga ciki, kamar gaɓa ko mafitsara, ko kuwa hankalinta ya tashi saboda tsangwamar yara ko baƙuwar kyanwa, ta kan lashe wuri ɗaya har gashin ya ƙare, galibi a ciki da cinya. Kafin a ce damuwa ce, lalle ne a tabbata babu ƙuma, domin mafi yawan masu yawan lasa ƙaiƙayi ke sa su. Tsohuwar kyanwa kuwa da ke ramewa, gashinta yana fita da kansa, tana yawan shan ruwa, mai yiwuwa ciwon yana cikin jiki, wannan sai likita.

YADDA ZA A DUBA

Wanda zai duba sai ya yi da rana a fili, ya sa safar hannu ko leda, ya naɗe kyanwar da tsumma ya bar wurin da zai gani. Ga abin da zai lura da shi:

1. Zagayayyen fili mai furu-furu, ƙaiƙayi kaɗan: a zaci makero.

2. Ɓawo mai kauri a kunne da fuska, susa ba hutawa: a zaci ƙazuwa.

3. Gashi ya ƙare a gadon baya da gindin wutsiya, da baƙin gari: a zaci ƙuma.

4. Gashi ya dushe ko'ina, jiki ya rame: a zaci yunwa ko tsutsar ciki.

5. Kumburi ko miki wuri ɗaya: a zaci cizo ko ƙuna.

Wannan zato ne kawai, domin kyanwa ɗaya ta kan haɗa biyu ko uku, makero kuma ya kan yi kama da waɗansu. Tabbaci yana wajen likitan dabbobi, wanda zai kankare fatar kaɗan, ko ya tsige gashi, ya duba da madubi. Bayan dubawa a wanke hannu da sabulu. In kyanwa ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar. Zubewar gashi ba ta cikin alamun ciwon haukan kare, amma kyanwa ta kan ɗauki wannan ciwo, ba a wasa da cizonta.

MAGUNGUNAN DA KE KISA

Nan ne aka fi yin hasara, garin neman gira a rasa ido. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da waɗansu magunguna da ta mutum da ta kare ke narkarwa. Ban da haka duk abin da aka shafa mata sai ta lashe shi. Saboda haka a gargaɗi jama'a da kakkausar murya kada su yi amfani da waɗannan:

Maganin feshin gona ko wane iri, da fiya-fiya, da maganin ƙwarin hatsi, da ruwan wankan shanu na kashe kaska. Maganin ƙuma na kare, musamman mai sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa makyarkyata da farfaɗiya har ta mutu. Baƙin man mota, da kananzir, da fetur. Ruwan wanke masai mai ƙarfin wari. Farasitamol, wanda ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kashe babbar kyanwa.

Waɗannan guba ne ga yaran da za su taɓa ta kuma. In an riga an shafa, a wanke ta nan da nan da sabulu da ruwa mai ɗumi, a goge ta, a nemi malamin dabbobi ba da jinkiri ba.

MAGANI NA GASKIYA

Kusan duk abubuwan da aka lissafa suna da magani. Na makero akwai na sha da na wanka. Tun shekarar 1958 aka gwada a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya cewa maganin sha mai suna girisiyofulbin yana warkar da shi, bayansa kuma an sami waɗansu da suka fi shi sauƙi ga kyanwa. Shi wannan na farko ba a ba mai ciki, domin ya kan lalata 'ya'yan. Magani ya kan ɗauki mako shida ko fiye, ba a tsayar da shi don an ga gashi ya fara fitowa. A wannan lokaci sai a keɓe kyanwa a ɗaki guda da yara ba su shiga, a ƙone tsummokaran da ta ke kwana a kai, a wanke tabarmi da zannuwa da sabulu a shanya a rana. Yaron da makero ya kama a kai, man shafawa kaɗai ba ya isarsa, sai an kai shi asibiti an ba shi na sha na makonni.

Ƙazuwa da ƙwaron kunne suna jin maganin ibamektin, wanda aka fara sayarwa domin dabbobi a shekarar 1981. Waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura na ƙasar Japan da William Campbell, sun sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2015. Amma kwalbar da a ke sayarwa a kasuwa domin shanu da tumaki aka yi ta, kyanwa kuwa nauyinta kilo 3 ne ko 4, abin da ta ke bukata ɗan kaɗan ne ƙwarai. Likita ko malamin dabbobi ne kaɗai zai auna, ya kuma maimaita bayan mako biyu. Tilas a yi wa dukan kyanwoyin gidan tare.

Na ƙuma akwai wanda a ke ɗigawa a ƙeya, sai dai a tabbata an rubuta a jikinsa cewa na kyanwa ne. A riƙa share ɗaki da zaure kullum, a ƙone sharar, a liƙe tsagin daɓe.

Wurin neman taimako na farko shi ne malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Abin da ya gagare shi sai a kai asibitin dabbobi na jiha a birnin Sakkwato, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa kuwa tana Vom, kusa da Jos, tun shekarar 1924.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai da masu unguwa, su kuma su isar wa magidanta. A nemi limamai da malaman makarantu su taimaka. A tabbata saƙon ya shiga cikin gida, domin mata da yara su ne ke tare da kyanwa yini.

Ana shawartar malamin ofis ya ware shafi a littafinsa. In an kawo labari sai ya rubuta ranar, da sunan gari da unguwa, da yawan kyanwoyin da abin ya kama, da wurin da gashin ya zube a jiki, da ko suna susa, da ko akwai yara masu makero ko ƙuraje a gidan, da ko an riga an shafa wani abu. In ya ga gida uku ko huɗu a unguwa ɗaya cikin wata guda, ya sanar da hakimi, a aika wa malamin dabbobi da duba-gari tare. Rahoto irin wannan ya kan rage wa likita rabin aiki tun kafin ya iso.

Har wa yau a hana yara jifan kyanwar da gashinta ya zube, a kuma wayar da kan masu cewa maita ce ko iska. Kada a kai ta bayan wani gari a yar, domin wannan kai wa maƙwabta cuta ne. Malamai sun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu, sun kuma san dalilin da ya sa a ke kiran babban sahabin nan Abu Huraira da wannan laƙabi. Wadda ciwo ya ci ƙarfinta har babu sauran fata, likita ne zai faɗa, shi kuma zai hutar da ita ta hanyar da babu azaba.

Rigakafi ya fi magani. Kyanwar da ke samun abinci, ɗakin da a ke sharewa, da yaron da aka koya wa wanke hannu bayan wasa da dabba, su ne za su rage yawan waɗannan cututtuka a Dinawa da sauran garuruwan ƙasashen nan uku. Allah ya ƙara wa shugabanni lafiya da basira, ya ba jama'a damina mai albarka, amin.